Wace ce Lai'atu, kuma ta yaya Yakubu ya haɗa ya da ƙanwa?

Tambaya: Malam, surukata ce ta zaɓa wa 'yata suna Lai'atu, ta ce sunan mahaifiyarta ne. Sai wata maƙwabciya ta ce da ni ai wannan sunan bora ne, matar da aka cusa wa Yakubu cikin dare ba ya so. Gaskiya ne? Da hannunta a cikin yaudarar? Kuma ta yaya bawan Allah kamar Yakubu zai haɗa ya da ƙanwa a gida ɗaya?

Amsa: 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma rabin labari ta ba ki. Lai'atu bora ce, kuma littafin da ya ba da labarinta bai ɓoye hakan ba. Sai dai ita ce kakar Annabi Musa da Haruna ta wajen ɗanta Lawi, ita ce kuma kakar Dawuda da Sulemanu ta wajen ɗanta Yahuza. Cikin 'ya'yan Yakubu maza goma sha biyu, shida daga cikinta suka fito. Don haka maganar sunan 'yarki ki kwantar da hankalinki, ki bar yarinya da sunanta. Sauran tambayoyin biyu su ne masu bukatar zama.

Tun da farko a san inda labarin yake. Cikakkensa yana cikin Attaura, a Littafin Farawa, daga sura 29 zuwa 31, sai ɗan abin da ya warwatsu har zuwa sura 49. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, kamar yadda bai ambaci sunan kowace mace ba in ba Maryam ba. Sunan da ake gani a littattafan tafsiri da na ƙissoshin annabawa, wato Layya da ƙanwarta Rahil, daga wajen Ma'abota Littafi malaman Musulunci suka samo shi. Zan kawo labarin yadda Attaura ta kawo shi, in kuma nuna inda malaman Yahudawa ko na Musulunci suka ƙara wani abu, domin mutane suna yawan cakuɗa su.

Yakubu ya baro gidan ubansa Ishaku a guje, saboda wansa Isuwa ya yi alwashin kashe shi a kan albarkar ɗan fari. Mahaifiyarsu Rifkatu ta tura shi wajen ɗan'uwanta Laban a Haran. Garin yana nan har yau da sunansa, a kudancin Turkiyya kusa da iyakar Siriya. A bakin rijiya ya fara ganin Rahila tana kora tumakin ubanta, kuma tun daga nan zuciyarsa ta tsaya. Da ya yi wata ɗaya a gidan, sai kawun nasa ya ce masa ba zai yiwu ya yi ta aiki a banza ba don kawai shi ɗan'uwa ne, ya faɗi ladansa. Yakubu ba shi da ko akuya, da sandarsa kaɗai ya haye Kogin Urdun kamar yadda ya faɗa da bakinsa daga baya. Sai ya biya sadaki da ƙarfinsa: kiwon shekara bakwai a kan Rahila. Wanda ya san Suratul Ƙasas zai tuna da Annabi Musa a Madyana, shi ma da kiwon shekara takwas ko goma ya yi aure. Kula da amsar Laban: bai ce na ba ka Rahila ba. Cewa ya yi gara in ba ka ita da in ba wani, zauna tare da ni. Ko sunanta bai kama ba.

Abin da aka faɗa a kan siffar Lai'atu jimla ɗaya ce, a kan idanunta, kuma masu fassara sun rabu, wasu suka ce raunana ne, wasu suka ce masu taushi ne. Ita kuwa Rahila aka ce kyakkyawa ce, fuska da diri. Iyakarta ke nan. Duk wanda ya ce miki Lai'atu mummuna ce ko makauniya, daga aljihunsa ya ƙaro.

Shekara bakwai ta cika, Laban ya tara mutanen gari aka yi biki, da dare ya kai Lai'atu ɗakin ango. Gari na wayewa sai ga Lai'atu. Ɗalibai kan tambaye ni yadda mutum zai kwana da mace bai gane ta ba. Littafin bai yi bayani ba, amma abubuwan da ke kewaye sun isa: da duhu aka kai ta, amarya a lulluɓe take (Rifkatu ma ta rufe fuskarta ranar da ta fara hango Ishaku), biki ne na ci da sha, kuma 'yan'uwan juna ne da muryarsu da tsayinsu za su iya yin kama. Da Yakubu ya tunkari Laban ya ce don me ka yaudare ni, sai Laban ya ba shi amsar da ta fi mari zafi. Ya ce a garinmu ba a aurar da ƙarama kafin 'yar fari. Mutumin da yake faɗa wa haka shi ne ƙaramin da, a labarin Attaura, ya sa tufafin wansa ya shiga wajen uba mai raunin gani ya karɓe albarkar ɗan fari. Wanzami ba ya son jarfa. Yakubu bai ƙara cewa uffan ba. Na san Musulmi da yawa ba sa karɓar wancan labari na yaudarar Ishaku saboda matsayin annabawa a aƙidarsu, kuma wannan sabani ne na gaske tsakanin addinan biyu. Amma wanda yake son fahimtar yadda marubucin Farawa ya gina labarin Lai'atu dole ya ga cewa da gangan ya jera labaran biyu kusa da juna.

To, da hannunta a ciki? Idan kika bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya za ki ga duk aikin Laban ne ya yi shi. Shi ya tara mutane, shi ya ɗauki 'yarsa, shi ya kai ta, shi ya haɗa ta da kuyanga Zilfa. Yakubu ma da ya farka Laban ya nufa da ƙorafi, ba a ce ya ce wa Lai'atu komai ba. Ba a ba ta ko kalma ɗaya a wannan dare ba. Ba zan ce ba ta san abin da ake ciki ba, domin ta san wadda aka yi shekara bakwai ana wahala dominta, kuma ta yi shiru har safiya. Amma 'yar da ubanta ya ce shiga ɗakin nan, a gidan da aure ciniki ne tsakanin maza, zaɓinta kaɗan ne ƙwarai. Malaman Yahudawa na dā ba su ji daɗin wannan shirun ba, sai suka cike gurbin. A wata ruwaya tasu, Yakubu ya ce mata ke mayaudariya 'yar mayaudari, ba na yi ta kiran Rahila kina amsawa ba? Sai ta ce ai a wajenka na koya, ba ubanka ya kira Isuwa ka amsa ba? A wata ruwayar ta Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, Yakubu da Rahila sun shirya wasu alamu na sirri don gudun irin wannan, amma da dare ya yi Rahila ta ji tausayin kunyar da yayarta za ta sha, ta sanar da ita alamun. Labarai ne masu daɗi, kuma masu wa'azi suna son su. Ba sa cikin Attaura.

Akwai kuskuren da kusan kowa yake yi a nan. Ana cewa Yakubu ya ƙara jiran shekara bakwai kafin ya sami Rahila, har wasu littattafan ƙissoshi haka suka kawo. Attaura ba haka ta ce ba. Laban ya ce masa ya cika wa wannan kwana bakwai ɗinta, sai a ba shi waccan, ya biya da aikin wata shekara bakwai daga baya. Wato aure na biyu bashi aka ba shi. Ma'anar wannan ga Lai'atu ita ce mako ɗaya tak ta yi tana matar Yakubu ita kaɗai, kuma makon nan ango kwanaki yake ƙirgawa. Rana ta takwas aka kawo mata kishiya, ƙanwarta ciki ɗaya, wadda tun farko ita ake so.

Daga nan ne marubucin ya juyo gare ta. Aya ta 31 ta sura 29 ta ce da Ubangiji ya ga ba a son Lai'atu, sai ya buɗe mahaifarta, Rahila kuwa ba ta haihuwa. Mun fi sanin zuciyar Lai'atu fiye da ta Saratu ko Rifkatu, kuma ba ta wata hanya muka san ta ba sai ta sunayen da ta raɗa wa 'ya'yanta, domin a gidan nan uwa ce take sa suna, kuma kowane suna da maganar da ta faɗa a kansa. Da ta haifi na fari ta ce Ubangiji ya dubi wahalata, yanzu mijina zai so ni, ta sa masa Ra'ubainu. Na biyu ta ce Ubangiji ya ji ba a sona, shi ya sa ya ƙara mini wannan, ta sa masa Saminu. Na uku ta ce yanzu kam mijina zai manne mini tunda na haifa masa maza uku, shi ne Lawi. Duba yadda burin yake raguwa. A na fari so take nema. A na uku ta sauko, ko zama tare ma ya ishe ta. Da na huɗu ya zo sai ta ce wannan karo zan yabi Ubangiji, ta sa masa Yahuza, kuma babu miji a cikin maganar ko kaɗan. Wani malami a Talmud ya ce tun da aka halicci duniya ba wanda ya gode wa Allah kamar haka sai da Lai'atu ta zo.

Masu wa'azi suna son tsayawa a nan, su ce ga shi ta warke, ta daina neman son mutum ta koma ga Allah. Ni ban yarda labarin ya tsaya nan ba, domin bai tsaya ba. Da ta haifi ɗanta na shida, Zabaluna, shekaru bayan haka, cewa ta yi yanzu mijina zai girmama ni tunda na haifa masa maza shida. Tana nan dai tana ƙirga 'ya'ya tana duban ƙofa. Son maso wani ƙoshin wahala ne, kuma ba a warkewa daga gare shi da haihuwa ɗaya. Wannan gaskiyar ce ta sa nake ganin labarin ya fi wa'azin da ake yi da shi.

Tsakanin Yahuza da Zabaluna gidan ya zama fagen tsere. Rahila ta ce wa Yakubu ba ni 'ya'ya ko in mutu, shi kuma ya fusata ya ce ni Allah ne da ya hana ki? Sai ta ba shi kuyangarta Bilha, aka haifi Dan da Naftali. Lai'atu da ta ga haihuwa ta tsaya mata ita ma ta ba da Zilfa, aka haifi Gad da Ashiru. Wannan ba baƙon abu ba ne a yankin. Dokokin Hammurabi sarkin Babila, na wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, sun yi magana a kan matar da ta ba mijinta baiwa don ta haifa masa, har da hukuncin baiwar da ta haihu ta fara ɗaga wa uwar ɗakinta kai. Ba a tambayi Bilha da Zilfa ra'ayinsu ba, kuma ko sunan 'ya'yan da suka haifa iyayen ɗakinsu ne suka sa.

Sai labarin da ya fi kowanne nuna yadda zaman yake. Lokacin girbin alkama, yaro Ra'ubainu ya fita saura ya samo wani tsiro ya kawo wa uwarsa. Fassarar Hausa ta kira shi manta'uwa. Ainihin tsiron na ƙasashen Bahar Rum ne, ganyensa a shimfiɗe a ƙasa, 'ya'yansa ƙanana rawaya masu ƙamshi, saiwarsa takan rabu biyu kamar ƙafafun mutum, kuma tun zamanin dā an ɗauke shi maganin haihuwa da na mallaka. Rahila ta gani ta ce don Allah ɗan sam mini. Amsar Lai'atu ita ce magana ta farko da aka rubuta ta faɗa wa ƙanwarta: ƙwace mini miji da kika yi bai isa ba, sai kin haɗa da abin da ɗana ya kawo? A ganinta ita ce uwargida, Rahila ce ta shigo mata. A ganin Rahila kuwa ai ita aka yi wa ƙwace tun daren farko. Kowacce tana da hujja, kuma wanda ya haɗa faɗan yana can yana ƙirga tumakinsa. Sai Rahila ta ce to ya kwana a wajenki yau, ki ba ni. Wannan jimla ta tona asirin gidan: babu rabon kwana, mowa ce take riƙe da miji, ita take bayarwa in ta ga dama. Da yamma Yakubu ya dawo daga kiwo, Lai'atu ba ta jira shi a ɗaki ba, ta fita ta tare shi a hanya ta ce wajena za ka shigo, na yi ijararka da abin da ɗana ya samo. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin lada a hannun uban, ga shi 'ya'yan ma suna cinikinsa, kuma bai ce komai ba, ya bi ta. Abin dariyar shi ne wadda ta rabu da maganin ita ta yi ciki, ta haifi Issaka, ta ƙara Zabaluna, ta ƙara 'ya mace Dinatu, wadda ta karɓi maganin kuwa tana nan ba labari. Sai bayan duk wannan aka ce Allah ya tuna da Rahila ta haifi Yusufu. Marubucin bai yi wa kowa huɗuba a kan magani ba, jerin haihuwar kawai ya kawo.

Sau ɗaya aka ji bakinsu ya zo ɗaya. Bayan shekara 20 a Haran, sha huɗu don mata, shida don garke, Yakubu ya kira su biyun zuwa saura ya ce yana son ya gudu. Suka amsa tare: muna da sauran rabo ko gado a gidan ubanmu? Ba kamar baƙi ya ɗauke mu ba? Ya sayar da mu, ya kuma cinye kuɗinmu. A al'adar yankin ana sa ran uba ya mayar wa 'yarsa wani abu daga abin da aka biya a kanta, ya zama nata. Laban ya ci aikin shekara sha huɗu bai ajiye musu komai ba. Idan kina neman hukuncin Lai'atu da kanta a kan daren aurenta, ga shi nan: sayar da ita aka yi.

Shin daga baya Yakubu ya so ta? Ina jin mutane suna cewa e, suna kafa hujja da kabari. Ni ban ga haka a rubuce ba. Ranar da ya hango Isuwa tafe da mutum 400, yana tsoron za a far musu, ya jera iyalinsa: kuyangi da 'ya'yansu a gaba, Lai'atu da nata a tsakiya, Rahila da Yusufu a can baya inda ya fi nisa da takobi. Yaran Lai'atu sun ga wannan jeri da idonsu, kuma wanda ya ga haka ba zai yi mamakin abin da suka yi wa Yusufu daga baya ba. Alƙur'ani ma da bakinsu ya kawo ƙorafin a Suratu Yusuf, aya ta 8: Yusufu da ɗan'uwansa sun fi mu soyuwa ga ubanmu, alhali mu ne jama'a. 'Yan'ubanci ne da aka shuka tun a ɗakin iyaye mata. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Farawa 44. Yahuza yana tsaye gaban wazirin Masar, bai san Yusufu ba ne, yana roƙo a saki Biliyaminu ƙanen Yusufu, sai ya maimaita maganar ubansu kalma da kalma: kun sani matata ta haifa mini 'ya'ya biyu. Matata, kamar ita kaɗai ce. Ɗan Lai'atu ne yake faɗin wannan, ya san inda maganar ta bar uwarsa da shi kansa, kuma duk da haka ya ce a riƙe shi bawa a madadin ɗan Rahila don kada baƙin ciki ya kashe tsohon. Har a gadon mutuwa Yakubu yana ambaton yadda Rahila ta rasu masa a hanya. A kan Lai'atu abin da ya ce kawai shi ne a can na binne ta.

Kabarin dai gaskiya ne. Rahila ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu aka binne ta a bakin hanyar Baitalami. Lai'atu kuwa tana kogon Makfela a Hebron, wanda Ibrahim ya saya shekel 400 na azurfa, tare da Ibrahim da Saratu da Ishaku da Rifkatu, kuma can aka kai Yakubu daga Masar. Wurin shi ne Masallacin Ibrahim na garin Al-Khalil a Yammacin Kogin Urdun, cikin katangar manyan duwatsu ta zamanin sarki Hirudus. An raba ginin tsakanin Musulmi da Yahudawa tun bayan kisan masallata 29 a shekarar 1994, kuma alamar kabarin Yakubu da ta Lai'atu suna ɓangaren Yahudawa. Matsayi ne na uwargida, ba shakka. Amma matsayi daban, so daban, kuma kowace mace ta san bambancin.

Abin da ta samu ta wajen zuriya ne ya zarce lissafi. Da aka ƙirga iyalin da suka gangara Masar su 70, nata 33 ne, na kuyangarta 16, na Rahila 14, na Bilha 7. Firistoci daga Lawi, sarauta daga Yahuza. Sarkin Isra'ila na farko, Saul, wanda Alƙur'ani ya kira Ɗalutu, daga zuriyar Biliyaminu ne, jinin Rahila, amma mulki ya koma gidan Dawuda. Da ƙasar ta rabu biyu, masarautar arewa da zuriyar Yusufu suka fi ƙarfi a cikinta ta faɗi a hannun Assuriyawa wajen shekara 722 kafin haihuwar Almasihu, ta kudu ta Yahuza ta saura, kuma daga sunanta ne ake ce wa mutanen Yahudawa har yau. Ga Kirista kuma, asalin Yesu Almasihu da Matiyu ya jero a Linjila ta kan Yahuza ya bi. Duk da haka, dattawan Baitalami da suke sa wa auren Rut, kakar mahaifin Dawuda, albarka, su da suke jikokin Lai'atu, cewa suka yi Allah ya mai da ita kamar Rahila da Lai'atu waɗanda suka gina gidan Isra'ila. Ko jikokinta ƙanwar suka fara ambata.

Yanzu ga tambayarki ta uku. Amsa mafi sauƙi ita ce dokar ba ta zo ba tukuna. Haramcin haɗa 'yan'uwa mata biyu yana cikin Littafin Firistoci 18:18, a shari'ar Musa, ƙarnoni bayan Yakubu. Ba wannan kaɗai ba ne: Attaura ta ce Saratu 'yar uban Ibrahim ce, ta ce Amram mahaifin Musa gwaggonsa ya aura, kuma sura ɗin nan ta 18 ta haramta duka biyun. Ibn Kasir da ya kawo labarin ya ce haɗa su ya halatta a addininsu, sannan shari'ar Attaura ta shafe shi. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 23 ya haramta haɗa 'yan'uwa mata biyu, ya ƙara da cewa sai dai abin da ya riga ya wuce. Hadisi ya faɗaɗa haramcin zuwa haɗa mace da gwaggonta ko innarta, kuma Fairuz ad-Dailami da ya musulunta da ya da ƙanwa a gidansa an umarce shi ya rabu da ɗaya. A shari'o'in biyu haɗawa ce haramun, shi ya sa idan mace ta rasu mijin zai iya auren ƙanwarta, kamar yadda ake yi a ƙasar Hausa don riƙon marayu. Wasu malaman Yahudawa da suke ganin kakanni sun kiyaye dukan shari'a tun kafin a saukar da ita sun sha wahala da wannan aure. Nahmanides, malamin ƙarni na 13 a Kataloniya ta ƙasar Sifen, ya ce a cikin ƙasar alkawari, wato Kan'ana, kaɗai suke kiyaye ta, shi ya sa auren ya faru a Haran, Rahila kuma ta rasu bayan shigowarsu ƙasar. Dabara ce mai kaifi, amma ni na fi ganin bayani na farko.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne yadda dokokin suke kama da an rubuta su ana kallon gidan Yakubu. Ayar Firistoci ba ta tsaya ga hani ba, ta faɗi dalili: kada ka auro mace a kan 'yar'uwarta ta zama kishiyarta tana raye. Maimaitawar Shari'a 21:15 zuwa 17, ita ma a cikin Attaura, ta fi ma fitowa fili. Ta ce idan mutum yana da mata biyu, ɗaya yana so ɗaya ba ya so, kuma ɗan fari na wadda ba ya so ne, ba shi da ikon ɗauke matsayin ɗan fari ya ba ɗan mowa, dole ya ba ɗan bora rabonsa ninki biyu. Abin da Yakubu ya yi ke nan daidai, ya ba Yusufu rabo biyu ta hanyar 'ya'yansa Ifraimu da Manassa, ko da yake an ba da dalilin cewa Ra'ubainu ya ɓata kansa da ya kwana da Bilha. Littafin bai kawo wannan gida don a kwaikwaya ba. Ya nuna abin da ya faru da abin da ya jawo, sannan shari'a ta zo ta toshe ƙofar.

Saura abu ɗaya da za ki iya ji a wajen tafsiri. Suratu Yusuf aya ta 100 ta ce Yusufu ya ɗora iyayensa biyu a kan karaga. Tunda labarin Ma'abota Littafi ya ce mahaifiyarsa ta riga ta rasu, wasu magabata irin su Suddi suka ce ubansa ne da innarsa, 'yar'uwar mahaifiyarsa, kuma masu tafsiri da dama suka ce Layya ce. Ɗabari bai karɓi wannan ba, ya ce zahirin ayar mahaifiyarsa ce kuma babu hujjar da ta tabbatar da rasuwarta, Ibn Kasir ya goyi bayansa. Ta ɓangaren Attaura kuwa, sunan Lai'atu ba ya cikin waɗanda aka ce sun gangara Masar, kuma Yakubu yana Masar ɗin ya ce shi da kansa ya binne ta a Makfela, bai kuwa sake komawa Kan'ana da rai ba. A lissafin Attaura ke nan ta rasu kafin a yi ƙaura, ba ta ga Yusufu a kan mulki ba. Ruwayoyin biyu ba sa haɗuwa, kuma bai kamata a matsa musu su haɗu ba.